Sakin Aure da Ɗakin Shari'a a Ƙasar Kankiya da Kusada

Bahaushe ya rarrabe hanyar rabuwar aure tun daga bakinsa. Miji shi ne ke saki, mace kuwa sai a ce ta kashe aure, watau ta kai ƙara gaban alƙali ta mayar da sadaki, abin da malamai ke kira hul'i. Wannan rarrabewa ta fi kowace doka ta Gwamnati tsufa a Kankiya da Kusada, gama tun kafin zuwan Turawa alƙalan ƙasar Katsina da littattafan Malikiyya suke hukunci, Risala da Muhtasar.

Matanin hukunci bai sāke ba sosai. Abin da ya yi ta sākewa shi ne wanda ke bisan alƙali. A zamanin En'e, macen da ta taso daga ƙauyen Kusada ba ta gamsu da hukunci ba, ƙararta tana iya ƙarewa a majalisar Sarkin Katsina. A 1956 aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi ta Jihar Arewa, a 1960 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta maye gurbinta. Sa'an nan dokar soja ta 1967 ta karɓe ɗakunan shari'a daga hannun sarakuna, alƙali ya koma ma'aikacin Gwamnati. A shekara ta 2000 kuma Jihar Katsina ta faɗaɗa Shari'a har ta haɗa da laifuffuka.

To, a nan ne wata mas'ala ta idda, wadda dā sai a zauren malamai ake jin ta, ta zama maganar rai da mutuwa. A watan Maris 2002 kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal, bazawara, hukuncin jifa don ta haihu bayan mutuwar aurenta. Kotun Funtuwa ta tabbatar. Ran 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sake ta, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Cikin hujjojinsu har da kwantacce: a Malikiyya ciki yana iya kwanciya har shekara biyar bayan saki, a jingina ɗan ga tsohon miji. Alƙalin kotun Bakori bai duba wannan babi ba.