Daga Kaset Zuwa Haya: Tarihin Kuɗin Wasannin Bidiyo

Ran 2 ga watan Afrilu na 2025 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da bayanin sabuwar na'urarsa ta wasa, Switch 2. Kafin a kwana, surutun duniya ya bar na'urar ya koma kan kuɗinta. A Amurka an sa mata dala 449.99, wasan tseren motoci Mario Kart World kuma dala 79.99. Dalar Amurka nake nufi fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A Turai na'urar yuro 469.99 ce, wasan kuma in kana son katinsa a hannu yuro 89.99. Washegari da kamfanin yake nuna wasannin kai tsaye ta intanet, masu kallo suka yi ta rubuta masa magana guda: a rage kuɗi.

Mu juya lissafin zuwa namu. Yuro ɗaya tamma 655 ne da ƴan kai, wato na'urar ta kai jikka 308, wasa guda kuma jikka 59. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 ne a wata. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin wata bakwai cif, bai ci ba bai sha ba, kuma duk da haka kuɗin na'urar bai cika ba, balle na wasa.

Tun lokacin, duk fadar da aka tayar da zancen sai ka ji wani ya ce: "Kai, zamanin da ya fi, wasa araha, ga daɗi." Ni ma ina kewar wannan zamani. Amma da na bi tarihin abin, na ga wasa na asali bai taɓa yin araha ba. Arahar da muke tunawa ta kwafi ce da ta tarayya, kuma abin da yake suɓuce mana yanzu shi ne mallakar abin da muka biya.

Sana'ar ta fara ne da biyan kuɗi kowane wasa. A 1972 kamfanin Atari ya ajiye wani akwati mai suna Pong a wata mashaya a jihar Kalifoniya. Ka jefa kwabo, ku buga ƙwallo da sanduna biyu a kan allo, wasa ya ƙare, ka sake jefawa. A 1977 Atari ya fitar da na'urar gida, Atari 2600, a kan kusan dalar Amurka 200, kowane wasa kuma kaset ɗinsa daban da kuɗinsa daban. Da aka ga riba, kowa ya shiga yin kaset, mai kyau da marar kyau, har kasuwa ta cika da tarkace, masu saye suka ja baya. A 1983 kasuwar Amurka ta rushe. Atari ya kwashi tarin kaset da suka yi kwantai, ciki har da wasan E.T., ya binne su a jujin garin Alamogordo. Shekaru da dama ana ɗaukar wannan labari kamar tatsuniya, sai a 2014 aka tona wurin aka same su.

Nintendo tsohon kamfani ne, tun 1889 yake a birnin Kyoto yana buga katin karta. A watan Yuli na 1983 ya fitar da Famicom a Japan a kan yen 14,800, a 1985 kuma ya kai ta Amurka da sunan NES. A wannan shekarar ne Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto ya fito. Darasin da Nintendo ya ɗauka daga faɗuwar Atari shi ne kada ya saki linzami. Ya sa wani ɗan makulli na lantarki a cikin NES wanda ba ya karɓar kaset sai wanda kamfanin ya yarda da shi. Shi yake ƙera kaset ɗin, kuma ya ƙayyade wa sauran kamfanoni wasa biyar a shekara. Wasanni sun yi inganci, kuɗinsu ma ya yi sama. A shekarun 1990, zamanin Super Nintendo da Mega Drive ta Sega, kaset guda yakan kama daga dalar Amurka 50 zuwa 70, wasu ma sun wuce. Dala 70 ta 1994, in aka auna da tsadar rayuwa, ta haura dala 140 ta yau. Uban da ya saya wa ɗansa kaset a lokacin ya fi mai sayen Mario Kart World jin jiki.

To mu, ta ina Mario ya shigo mana? Ta bayan gida. Famicom ta Japan ba ta da wancan makulli, don haka masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta kwaikwayonta suna sayarwa a ƙasashen da Nintendo bai kula da su ba. A Rasha ana ce mata Dendy. A nan ta zo da siffofi kala-kala: wata kamar allon rubutun kwamfuta, wata an yi mata jiki irin na PlayStation don a ruɗi mai saye, da ƴar bindigar roba ta harbin agwagi. Ta biyo hanyar sauran kayan lantarki, daga Kano da Katsina zuwa Maraɗi da Zinder, ko daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai. Wa zai manta kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wasa 9999 a jikinsa? Kana buɗewa sai ka tarar wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa da sunaye daban: Mario, Contra, wasan tankokin yaƙi, da na agwagi. Ga kuma karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka kuɗi. Na'ura ta asali ta ƙara nisa da mu, kwafi ya zama shi ne wasan da muka sani. Mario ɗin da yaran Japan suka buga a 1985, yawancinmu mun same shi bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, kuma a wurinmu sabo ne fil.

A watan Disamba na 1994 Sony ya fito da PlayStation, wadda take aiki da faifan CD. A taron baje kolin wasanni na Los Angeles a 1995, Sega ya sanar cewa Saturn ɗinsa dala 399 ce. Wakilin Sony ya hau dandali, ya ambaci lamba 299 kawai, ya sauka, ɗaki ya ɗauki tafi. Tun a lokacin farashi yake yanke hukunci tsakanin kamfanonin nan. Buga faifai ya fi ƙera kaset sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kwafarsa ma haka. Masu gyara suka koyi sa wa na'urar ƴar pus da za ta sa ta karanta faifan kwafi. Da PlayStation 2 ta zo a 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, sai ɗakunan wasa suka bazu a unguwanninmu.

Wanda na sani a unguwarmu shago ne ƙarami: tele biyu, benci, manet da aka ɗaure wayarsa da salatif. Mach ɗin PES dala goma ne. Wanda aka ci ya miƙa manet, wanda ba shi da ko tamma ya tsaya a baya yana koyar da masu wasa. In kuran ya ɗauke ana tsakiyar mach, rigimar da za a yi a kan wa yake gaba ta fi mach ɗin tsawo. Ku duba lissafin: na'ura ɗaya, faifan kwafi ɗaya, yara talatin. Yadda aka yi abin ya zo daidai aljihunmu ke nan, mun koma tsarin Pong na 1972 ba mu sani ba. Kuma a faɗi gaskiya, daɗin bai game kowa ba. Ƴan uwanmu mata ba sa shiga waɗannan shaguna, yaran ƙauye kuma sai in sun zo birni hutu suke ganin manet. Kwafin ma ba abin alfahari ba ne, domin mun ga yadda satar faifai ta karya masu shirya finafinan Hausa da mawaƙanmu, kuma masu ƙera wasa su ma gumi suke yi.

A can ƙasashen da ake sayen na asali, farashi ya ci gaba da hawa a hankali. Wajen 2005 dala 60 ta zama kuɗin babban wasa. A 2006 Sony ya sha tsiya da ya ce PlayStation 3 za ta kai dala 599. A 2020, da zuwan PlayStation 5, aka koma dala 70, yanzu ga 80. Kamfanoni suna cewa babban wasa a yau yakan ci ɗaruruwan ma'aikata da shekaru masu yawa kafin ya fito, kuma wannan ba ƙarya ba ce. Masu saye suna cewa albashinsu bai bi tsadar haya da abinci ba, wannan ma haka ne. Duk da kukan da aka yi, da Switch 2 ta fito ran 5 ga Yuni, an sayar da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu.

Babban canjin yana wani wurin. Kaset ko faifai kaya ne: ka ba abokinka aro, ku yi musanya, ka sayar in ka gaji, wani ya saya a hannu na biyu, na uku, har ya iso kasuwar Maraɗi. Duk abin da muka buga ta wannan hanya ya zo. Tun da aka buɗe kantin Steam a 2003, sayen wasa yake komawa saukewa ta intanet, kuma abin da kake biya izinin amfani ne, wanda aka ɗaure da asusunka. A 2013 Microsoft ya so ya taƙaita aro da sayar da tsofaffin faifai a Xbox One, jama'a suka yi ca, ya janye. Amma a 2020 PlayStation 5 ta fito da wani samfuri da ba shi da bakin faifai sam. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe kantin intanet na Wii U da 3DS. A 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe na'urorin da suke riƙe da wasan The Crew, duk wanda ya saya, ko da faifai a hannunsa, wasan ya mutu masa. Daga nan aka fara gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Wasu katunan Switch 2 ma ba wasa a cikinsu, makulli ne kawai, sai ka sauke wasan da intanet ɗinka. Wani bincike na Video Game History Foundation a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu.

Kewar da muke ji ma ta zama haja. A 2016 Nintendo ya fitar da ƴar ƙaramar NES da tsofaffin wasanni 30 a ciki kan dala 60, aka yi ta wawasonta. Yau in kana son tsohon Mario a Switch, kuɗin wata ko na shekara za ka riƙa biya, ka daina biya ƙofa ta rufe. A 2021 an sayi kaset guda na Super Mario Bros. da ba a taɓa ɓare ledarsa ba a kan dalar Amurka miliyan biyu.

Mu kuwa yanzu wasanmu ya koma salula: Free Fire, PUBG Mobile, eFootball, wato tsohon PES da aka canja wa suna a 2021. Ana ce musu na kyauta. Amma mega ba kyauta ba ne, lu'ulu'un Free Fire ma haka. Na san ɗalibai da suka zuba kuɗin abincinsu a kan riga da bindigar da ba su taɓa taɓawa da hannu ba. Ranar da aka rufe asusun, ko aka sace shi, ko kamfani ya tattara wasansa, ba kotun da za ka kai ƙara daga Tawa ko Dakoro. Zanen aro ba ya rufe katara. A da mai shago yana da na'urarsa, mu muna haya a wurinsa da dala goma, muna ganinsa yana ganinmu. Yanzu kowa yana haya shi kaɗai a wurin kamfanin da bai san da zamansa ba.

Don haka, ƴan uwa, kafin ku sa kuɗi a wani wasa ku tambayi kanku: zai yi aiki in babu intanet? Zan iya ba wani aro ko in sayar? In kamfanin ya rufe gobe, me zai rage a hannuna? Sannan wanda yake da tsohuwar na'ura ko kaset mai ruwan ɗorawa a ƙasan gado, kada ya ba masu gwangwan. Tarihin Atari da Nintendo an rubuta shi an gama, na shagunan wasan Maraɗi, Zinder, Tawa da Yamai kuwa yana bakin yayyenmu da tsofaffin masu shago da masu gyara. Kowa ya tambayi na unguwarsu wace shekara aka buɗe shagon farko, daga ina aka kawo na'urar, nawa ake biya, wane wasa aka fi so. Ku rubuto mana abin da kuka samu, mu haɗa shi a fitowa ta gaba.