Yadda Aikin Fiɗa Ya Rage Kisa

A unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, inda Hausawa da sauran 'yan kasuwa suka daɗe da zama, idan haihuwa ta gagari mace, asibiti akan nufa da ita a yi mata fiɗa, yawanci kuwa takan tashi. Shekara 200 da suka wuce, ko a Turai, wanda aka buɗe wa ciki da wuya ya rayu.

Zafi aka fara yi wa magani. A 1846, a birnin Boston na Amurka, William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci maganin sa barci, likita ya cire masa ƙari a wuya. Amma mutuwa ba ta ragu ba. Da likitoci suka ga majiyyaci yana kwanciya shiru, sai suka yawaita yanka, da hannu marar wanki da riga mai busasshen jini. Miki ya ruɓe, zazzaɓi ya ƙarasa mutum.

A 1847 Ignaz Semmelweis ya sa likitocin ɗakin haihuwa a Biyana su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin. Mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai. Maimakon godiya, manyan likitoci suka ji haushi, wai an ce hannunsu yana da dauɗa. Girman kai kuwa ya ci rayuka da yawa. Sai Joseph Lister na Gilasgo, wanda ya karanta binciken Louis Pasteur a kan ƙwayoyin cuta, ya riƙa wanke miki da kayan aiki da ruwan kabolik, ya bayyana sakamakon a 1867. Daga baya dafa kayan aiki da sa safar hannu suka biyo, aka gano rukunin jini a 1901.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin fiɗa. An gwada ta a asibitoci 8, har da asibitin mishan na Ifakara a Tanzaniya. Mutuwa ta sauka daga 15 cikin 1,000 zuwa 8.

Duk wannan sai majiyyaci ya isa asibiti. Bayan faɗan Disamba 2013 a Bangui, 'yan bindiga suka kewaye Kilomita Biyar. Likitocin ƙungiyar MSF suna fiɗa a cikin gari, tafiyar 'yan mintoci a mota, amma masu rauni da mata masu naƙuda da yawa suka kwana a gida don tsoron hanya.