Daga imel zuwa Mastodon: tarihin dandalan da ba su da mai gida ɗaya

Mai layin MTN yana kiran mai layin Airtel ba tare da ya sayi sabon layi ba. Mai adireshin Gmail yana aika wasiƙa ga mai adireshin Yahoo, ta isa cikin daƙiƙa. Amma wanda yake Facebook ba zai iya bin wanda yake X ba, sai ya je can ya buɗe shafi, ya amince da sharuɗɗan mai gidan, ya fara tara mabiya daga farko. Mun saba da wannan har muna ɗaukarsa a matsayin ɗabi'ar intanet. Tarihi kuwa ya nuna cewa zaɓi ne na kasuwanci da aka yi daga baya, domin intanet a kan tarayya ta ginu tun asalinta.

A shekarar 1971 wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ya zaɓi alamar @ domin ta raba sunan mutum da sunan kwamfutar da ke riƙe masa saƙonni. A 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP, wadda ta fayyace yadda wata kwamfuta za ta miƙa wa wata wasiƙa. Ƙa'idar a buɗe take, kowa na iya aiki da ita ba tare da neman izini ba, shi ya sa babu kamfanin da ya mallaki imel. Haka ma Usenet, zauren tattaunawar da ɗalibai biyu na jami'ar Duke, Tom Truscott da Jim Ellis, suka tsara a 1979: kowace jami'a tana da tata uwar garken, wato babbar kwamfutar da ke adana bayanai tana rarraba su, kuma uwayen garken suna musayar rubuce-rubuce a tsakaninsu. Wannan shi ne ma'anar tarayya a wannan fage, gidaje masu zaman kansu da suka yarda su yi magana da harshe ɗaya.

Darasi mafi ɗaci a wannan tarihi ya zo ne ta hanyar saƙon nan take. A 1999 Jeremie Miller ya fito da Jabber, wanda daga baya aka san ƙa'idarsa da XMPP. Kamfanin Google ya gina Google Talk a kanta a 2005, kuma a shekarar da ta biyo baya ya buɗe ƙofa ga sauran uwayen garke. Masu ƙananan gidaje suka yi murna, domin jama'arsu za su iya hira da miliyoyin mutane. A 2013 Google ya koma Hangouts, wanda ba ya magana da na waje. Babban gida ya rufe ƙofarsa da yawancin jama'a a ciki, ƙananan suka wayi gari a kaɗaice.

A wannan tsakanin ne Facebook, wanda aka kafa a 2004, da Twitter, na 2006, suka ɗauki wata hanya dabam. Ribarsu daga talla take zuwa, talla kuma tana buƙatar a tara jama'a wuri ɗaya, a san abin da suke kallo, a hana su fita. Katangar ba sai an gina ta da ƙarfi ba: mutum ba ya barin inda 'yan uwansa da abokan cinikinsa suke.

Tun da wuri aka sami masu ƙalubalantar wannan tsari. A 2008 Evan Prodromou ya buɗe Identi.ca, dandali mai kama da Twitter wanda kowa zai iya ɗaukar manhajarsa ya kafa nasa. A 2010 ɗalibai huɗu na jami'ar New York suka nemi gudummawar dala dubu 10 a Kickstarter domin gina Diaspora, aka tara musu sama da dala dubu 200. Sha'awa ta yi yawa, amma manhajojin sun yi wa wanda ba masani ba wuyar sha'ani, kuma kowane rukuni yana magana da tasa ƙa'idar. A 2012 waɗanda suka kafa Diaspora suka miƙa ta ga masu sa kai.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Na farko, a 2016 wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fito da Mastodon, mai sauƙin amfani, mai ba da damar rubuta haruffa 500 a lokacin da Twitter ke tsaye a kan 140. Na biyu, a Janairun 2018 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ActivityPub a matsayin harshen bai ɗaya.

Yadda take aiki ya yi kama da gidan waya. Adireshin mutum yana ɗauke da sunansa da na uwar garkensa, kamar na imel. Kowane shafi yana da akwati biyu, na shiga da na fita. Idan ka nemi bin wani da ke wata uwar garke, taka za ta nemo inda akwatinsa yake, ta jefa buƙatarka a ciki, tasa kuma ta mayar da amincewa. Daga nan duk abin da ya wallafa, uwar garkensa za ta aiko wa taka kwafi, da sa hannun lissafi mai tabbatar da cewa daga can ya fito. Da yake harshen ɗaya ne, mai shafi a Mastodon yana iya bin tashar bidiyo a PeerTube, wadda ƙungiyar Framasoft ta Faransa ta samar, ko shafin hotuna a Pixelfed, ya yi sharhi daga inda yake. Wannan haɗaka ce ake kira Fediverse.

Fasahar ita ce ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne mulki. Kowace uwar garke tana da mai kula da ita da dokokinta, kuma tana da ikon yanke hulɗa da wata baki ɗaya. An gwada wannan iko a Yulin 2019, lokacin da Gab, dandalin da ya yi suna wajen karɓar masu tsattsauran ra'ayin wariyar launin fata a Amurka, ya koma amfani da manhajar Mastodon. Babu wanda ya isa ya hana shi, tunda manhajar ta kowa ce. Abin da ya faru shi ne uwayen garke da yawa suka toshe shi, wasu manhajojin waya ma suka ƙi karɓar adireshinsa. Hukuncin da al'umma ta yanke ke nan, irin na ƙaurace wa wanda ya ɓata, ba tare da wani sarki ya ba da umarni ba.

'Yan Najeriya sun ga ɗaya fuskar matsalar a 2021. Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari a farkon Yuni, gwamnati ta dakatar da dandalin daga ranar 5 ga watan, ba a buɗe shi ba sai 13 ga Janairun 2022. Rikicin ɓangarori biyu ya toshe bakin miliyoyin mutane da kasuwancinsu, saboda ƙofa ɗaya ce. Gwamnati ta buɗe shafi a Koo na Indiya, wanda shi ma mallakar kamfani ɗaya ne, kuma a Yulin 2024 Koo ya rufe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Babbar ƙaura ta zo bayan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022. Cikin 'yan makonni masu amfani da Mastodon a wata suka tashi daga kimanin dubu 300 zuwa miliyan 2.5, sannan da yawa suka koma inda suka fito. Dalilansu suna da tushe. Zaɓen uwar garke tun a matakin farko yana rikita baƙo. Yawancin masu kula da gidajen 'yan sa kai ne da ke biyan kuɗin na'ura daga aljihunsu ko daga gudummawa, idan sun gaji sai gidan ya rufe. Mutum na iya ƙaura da mabiyansa zuwa wani gida, amma tsofaffin rubuce-rubucensa ba sa binsa. Saƙon sirri kuma ba a kulle yake ba, mai kula da uwar garke yana da halin karanta shi. Amana dai tana nan, wanda aka danƙa wa ita ne ya sauya.

Yanzu manyan kamfanoni sun dawo ƙofar. Meta ya fito da Threads a Yulin 2023, a 2024 ya fara haɗa shi da ActivityPub, sai wasu masu uwayen garke suka yi alkawarin toshe shi tun kafin ya shigo, suna tuna abin da ya sami XMPP. Bluesky, wanda ya faro a matsayin aikin Twitter a 2019 zamanin Jack Dorsey, ya gina tasa ƙa'idar, AT Protocol, ya buɗe wa kowa a Fabrairun 2024. A Turai kuma hukumomin gwamnatin Jamus da na Holan sun kafa nasu uwayen garken, domin sanarwarsu ta daina zaman haya a gidan wani.

Wannan misali na ƙarshe shi ya fi shafar mu. Jarida ko jami'a ko ƙungiyar marubuta Hausa na iya kafa gidanta, ta rubuta dokokinta da Hausa, ta naɗa masu tace saƙo da suka san bambancin barkwancin taubasai da zagi, suka kuma san habaicin da ke iya tayar da fitina. Sai dai gidan da ke ƙasar nan yana ƙarƙashin dokar ƙasar nan, kuma mai kula da shi mutum ne da za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa. Wanda zai kafa shi sai ya fara sanin wa zai biya kuɗin na'ura, wa zai tashi da dare ya goge saƙon tunzuri, da kuma wa zai gaje shi ranar da ya gaji.