Sana'ar injiniyan manhaja a birnin Kano: inda ƙofar shiga take da abin da ya ƙuntata ta

Injiniyan manhaja shi ne mai tsarawa da rubutawa da gwadawa da kula da manhajojin da kwamfuta da waya ke aiki da su, tun daga manhajar banki har zuwa wadda ke cikin na'urar POS ɗin da ake cire kuɗi da ita a bakin Kasuwar Kurmi. Sana'a ce da ba ta neman rumfa ko jari mai nauyi, shi ya sa matasa da dama a Yakasai da Mandawari da Gwale suka ɗora buri a kanta. Sai dai mai shigowa yau zai tarar kasuwar ba kamar yadda aka ba shi labari take ba.

Alamar farko ta bayyana a watan Satumban 2019. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don ɗaukar matasa ya horar da su yana biyansu, ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Yuganda da Kenya, bisa hujjar cewa masu ba shi kwangila ƙwararru suke nema. Daga ƙarshen 2022 abin ya game duniya: Meta ya sallami ma'aikata 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, sannan a 2024 Microsoft ya rufe cibiyarsa ta injiniyoyi da ke Legas. A tsakanin nan ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka soma yin irin ƙananan ayyukan da a da ake miƙa wa sabon shiga ya goge a kansu. Har yanzu ana neman ƙwararre. Matakin da ɗan koyo ke takawa ya zama ƙwararren ne ya ƙuntata.

Wuraren koyo kam Kano ba ta rasa su ba. Jami'ar Bayero na da sashen injiniyancin manhaja, ga Jami'ar Northwest da harabarta ta Gidan Ado Bayero a Ƙofar Nasarawa, ga Jami'ar Aliko Dangote a Wudil, ga reshen Digital Bridge Institute. Akwai kuma cibiyoyi irin su CITAD da Startup Kano da Blue Sapphire Hub, inda ake horarwa da tarukan masu sana'ar. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 ƙarƙashin Minista Bosun Tijani da hukumar NITDA, da burin horar da mutum miliyan uku, ta fara da 30,000. Tambayar da ya dace a riƙa yi wa irin waɗannan shirye-shirye ita ce mutum nawa suka samu aiki bayan shekara guda, domin adadin waɗanda aka raba wa takardar shaida shi ne mafi sauƙin sanarwa a taron manema labarai.

Takarda kaɗai ba ta buɗe ƙofa, kuma ɗan birni bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. A marinar Ƙofar Mata ko wajen dukawa, yaro yakan zauna gaban ubangida shekaru, yana ɓata aiki ana gyara masa, har ranar da za a ce da mai kawo kaya ya ba shi, an tsaya masa. Haka sana'ar manhaja take. Mai ɗaukar aiki yana son ganin abu biyu: aikin da hannunka ya yi, da wanda zai tsaya maka. Na farkon ana nuna shi ne a shafin GitHub, da manhaja mai aiki wadda wani mutum yake amfani da ita, ko da ta lissafin bashin shago ɗaya ce. Na biyun yana samuwa ta zaman koyon aiki na SIWES ko shekarar hidimar ƙasa a wurin da ake rubuta manhaja da gaske, ko ta taimakawa a manhajojin da kowa ke da damar gyarawa, inda ƙwararru ke duba aikinka a bainar jama'a. Wanda ya riƙe harshe ɗaya, Python ko JavaScript, ya haɗa da sanin rumbun bayanai da Git da Turancin rubuta saƙo mai ma'ana, ya fi wanda ya ɗanɗani darussa goma a YouTube bai kammala ko ɗaya ba.

Akwai kuma cikas da ba laifin ɗan koyo ba ne. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023 farashin kwamfutar hannu, har ta kwance, ya yi tsalle. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. A Oktoban 2024 yawancin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Aikin nesa da ake biya da dala, wanda kowa ke mafarki, yana buƙatar wutar da ba ta yankewa a tsakiyar ganawa, don haka batir da farantin sola sun shiga sahun kayan sana'a. Ga 'yan mata kuwa, tarukan yamma da tafiyar Legas ko Abuja sau da yawa sai da iznin gida, abin da ya sa aiki daga ɗaki ya fi muhimmanci a gare su.

Inda Kano ta ɗara wasu shi ne kasuwa da harshe. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Ƙofar Wambai ana juya dukiya mai yawa, kuma har yau littafi da biro ne ke riƙe da lissafin shaguna da dama. Wanda ya san yadda ake ba da kaya bashi a biya ranar da aka yi ciniki zai iya gina abin da injiniyan Legas zai daɗe bai fahimta ba, ko da yake shawo kan Alhaji ya biya kuɗin manhaja duk wata wani aiki ne mai zaman kansa. Ta fuskar harshe, ƙungiyoyin HausaNLP da Masakhane suna tattara bayanai don koya wa kwamfuta Hausa, kuma Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranci aikin NaijaSenti na 2022 kan tantance ra'ayi a saƙonnin Twitter na Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka. Makarantar Arewa Data Science Academy tana horar da masu son shiga wannan fanni ta intanet, kuma ayyukan waɗannan ƙungiyoyi a buɗe suke a GitHub ga mai son sa hannu.