Tsanin Bayan Mota-Gida da Tarihin Bangon da Ke Riƙe da Shi

A Amurka akwai motar da iyali ke kwana a cikinta, su yi girki, su yi wanka, su kuma ratsa ƙasa da ita, wadda za mu kira mota-gida. A bayan da yawa daga cikinsu akan ga siririn tsani na alminiyam da ya miƙe zuwa rufi, kuma yana cikin abubuwan da suka fi saurin kwancewa. Mutum ya ɗora ƙafa a matakalar farko, sai ya ji tsanin ya biyo shi, kawunan sukuru sun leƙo daga bango da baƙin garin katako a jikinsu. Akan ɗora laifin a kan mai motar, a ce ya yi sakaci. A ganina tarihin sana'ar ya nuna cewa cutar daga bangon take, kuma an gaje ta ne daga wata shawara da maƙeran suka yanke tun shekarun 1960.

Motocin farko na masu hannu da shuni ne. A 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya baje kolin wata mota mai wurin kwana a birnin New York. A 1915 attajiri Roland Conklin ya tashi daga jihar New York zuwa San Francisco da wata ƙatuwa mai nauyin kusan tan 8, har da wurin shan iska a samanta. Irin waɗannan ɗaya-ɗaya ake ƙera su, da katako mai ƙwari da ƙarfe, ba a damu da nauyi ko tsada ba. Talaka kuwa, irin waɗanda suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa a 1919, tanti yake ɗaurawa a jikin Ford ɗinsa ya kama hanya. Abin ya sauya ne bayan dokar manyan hanyoyi ta 1956, lokacin da kwalta ta haɗa jihohi, ma'aikaci mai albashi ya fara kwaɗayin hutu a kan titi. Wani mai suna Ray Frank ya ƙera tasa motar a Michigan a 1958 a kan shasin Dodge. A wannan shekarar aka kafa kamfanin da ya zama Winnebago a garin Forest City na jihar Iowa, wanda John K. Hanson ya ja ragamarsa, kuma a 1966 ya fitar da mota-gidansa ta farko a kan kusan rabin kuɗin na abokan gasa.

Wani babban ɓangare na wannan arha daga bango ya fito. Winnebago ya yi suna da bangon da ya kira Thermo-Panel: falle na alminiyam a waje, kumfa mai tauri a tsakiya, siririn allo a ciki, duka a manne da gam. Wasu kamfanonin suka tsaya kan ƙananan sandunan katako da aka lulluɓe da kwano, daga baya faiba ta maye gurbin kwanon a motoci da yawa. Takunkumin man fetur na 1973 ya ƙara tsananta neman rage nauyi, domin mota mai zuƙar mai ta daina samun mai saye. A daidai lokacin da bango ke ƙara sirancewa, rufi kuma sai ƙara kaya yake: na'urar sanyaya ɗaki, kafofin fitar da iska, eriyar talabijin, daga baya farantan sola. Kowace huda a rufi sai an toshe ta da danƙo, rana tana busar da danƙon, dole a riƙa hawa ana dubawa. Ta haka tsani ya zama wajibi. To amma nauyin ƙato da jijjigar dubban kilomita an rataya su a kan 'yan sukurori da ba su da abin kamawa sai allo mai kaurin 'yan milimita da ɗan guntun katako ko ƙarfe da aka ɓoye a ciki, in an yi sa'a sukurun ya same shi. Ruwan sama yana bin zaren sukurun ya shiga, katakon ya jiƙe ya ruɓe, daga nan sukurun ya zama tamkar ƙusa a katangar ƙasa da damina ta jiƙa.

Masu kare kamfanoni suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce yawancin tsanukan an iyakance musu nauyin fam 250, kusan kilo 113, amma sai ka ga an rataya musu kekuna da kujeru da jarkoki, ga direban da ke ja da baya ya gogi reshen bishiya. Wannan gaskiya ne, kuma keke biyu da ke lilo a kan hanya mai gargada na iya yin ɓarnar da hawan mutum bai yi ba. Sai dai tsanin da ba a taɓa rataya masa komai ba shi ma yana kwancewa, saboda ruwa ba ya jiran a yi lodi. Wasu kuma sun ce ba don bango mara nauyi ba, da mota-gida ta tsaya a hannun irin su Conklin. Na yarda da wannan ƙwarai, domin arhar ce ta kai masana'antar, wadda cibiyarta ke yankin Elkhart na jihar Indiana, ga fitar da motoci da tireloli na kwana kusan 600,000 a 2021. Amma farantin ƙarfe mai faɗin tafin hannu a bayan kowace ƙafar tsani ba zai ƙara nauyin da za a ji ba, kuma ba shi zai sa motar ta gagari mai saye ba.

Gyaran da ƙwararru ke yi shi kansa shaida ne. Mai gyara na gari ba ya ɗaure tsohon sukuru ya sallami mai mota, ba ya kuma cusa wanda ya fi shi kauri a ramin da ya riga ya buɗe. Yana cire ƙafar tsanin, ya kankare tsohon danƙo, ya soka tsinke ya ji ko katakon ya yi laushi. In ya ruɓe, a busar, a cike ko a sauya. In ana iya kaiwa ta ciki, ta bayan kabad ko ƙarƙashin gado, sai ya huda bangon gaba ɗaya, ya sa faranti ta ciki, ya zura noti mara tsatsa da washa, ya shimfiɗa danƙon butil a ƙarƙashin ƙafar kafin ya ɗaure, sannan ya rufe ƙafafun da ke kan rufi da gam mai malala. Duk wannan aikin cike giɓin da aka bari tun a masana'anta ne. A 'yan shekarun nan kamfanoni da dama sun daina manna tsanin ma gaba ɗaya, suna sa maƙalli mai ƙarfi ɗaya a kusa da rufi, mai mota ya sayi tsani mai naɗewa, ya jingina shi ƙafafunsa a ƙasa, ya gama ya mayar da shi ma'ajiya.