Naman beyar da sauran naman daji: Tsutsar da firiza ba ta kashewa

'Yan kasuwar Kano da Maradi da ke zuwa sarin kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin sun san gundumar Baiyun da shagunan tufafi na unguwar Sanyuanli. Amma a da, gundumar ta yi suna da wani cinikin daban: na dabbobin daji a kasuwar Xinyuan. Bayan annobar SARS, hukumomin lardin Guangdong sun ba da umarnin kashe dubban jibda a watan Janairun 2004. A ranar 24 ga Fabrairun 2020 kuma, Sin ta haramta cin naman dabbobin daji na tudu.

Fargabar annoba ce ta jawo waɗannan matakai. Sai dai naman daji na ɗauke da wani haɗarin da ba a cika magana a kansa ba, wato tsutsar Trichinella, wadda ta yi ƙaurin suna a naman beyar.

Mece ce Trichinella?

Ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya iya gani, wadda ke naɗe kanta cikin tsokar dabbobi masu cin nama ko mushe. Wani ɗalibin likitanci, James Paget, ne ya fara lura da ita a jikin wata gawa a Landan a 1835.

Idan mutum ya ci naman da bai dahu ba, tsutsar takan girma a hanjinsa, ta haifi 'ya'yan da ke bin jini su shige tsoka. Cikin kwana ɗaya ko biyu akan fara zawo da ciwon ciki. Bayan makonni sai zazzaɓi, da kumburin fatar ido, da ciwon jiki. Idan ta tsananta takan taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa, har ta yi kisa. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, kuma likitoci kan yi maganinta da albendazole ko mebendazole.

Me ya sa beyar?

Nau'in da ke jikin beyar na ƙasashe masu sanyi, Trichinella nativa, yana jure ƙanƙara. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ruwaito yadda mutum shida suka kamu a 2022 bayan wani taron dangi a jihar Dakota ta Kudu. Naman beyar ɗin da aka farauto a Kanada ya yi kwana 45 a firiza kafin a yi tsirensa. Da yake naman baƙi ne, an ɗauka ya gasu alhali bai gasu ba. Biyu daga cikinsu ma kayan lambun da aka gasa tare da naman kawai suka ci.

Babu beyar a dazukan ƙasar Hausa, amma hakan bai sa mafarauta sun tsira ba. An gano dangin tsutsar a jikin jibda a Guinea, kuma a Senegal an samu waɗanda suka kamu bayan cin naman gyado, wato mugun dawa. A Faransa kuwa, naman doki ya sha haddasa ɓarkewar cutar.

Yadda za a kauce mata

Wuta ce kaɗai abin dogaro. Shawarar CDC ita ce zafin tsakiyar naman daji ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius, kuma a auna da ma'aunin zafi, kada a dogara da launi. Inda babu ma'auni, a yanka naman ƙanana a tafasa shi sosai har ya yi laushi.

Gishiri, ko banda, ko shanyawa a rana irin ta kilishi, duk ba su da tabbas wajen kashe tsutsar. Haka ma gashin da ya ƙona baya ya bar ciki ɗanye.

A wanke wuƙa da katakon yanka da hannuwa da sabulu, a raba ɗanyen nama da sauran abinci, kada kuma a jefa wa karnukan farauta ɗanyen guntu. Duk wanda ya ga kumburin ido da ciwon jiki bayan cin naman daji, ya hanzarta zuwa asibiti, ya gaya wa likita abin da ya ci da ranar da ya ci shi, domin maganin ya fi aiki kafin tsutsar ta zauna a tsoka.