3.2 Mutunta Juna a Cinikin Shanu na Sabon Ibadan

Idan aka dubi tarihin fataucin Hausawa a Kurmi, za a ga cewa mutunta abokin ciniki shi ne ginshiƙin da harkar ta tsaya a kai. Kyakkyawan misali shi ne cinikin shanu a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a shekarar 1916 bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano. Masani Abner Cohen ya yi nazarin wannan unguwa a littafinsa na shekarar 1969.

A wancan zamani falke yakan kawo shanu daga Arewa ya sauka a wurin mai gida, wato fatoma. Shanun ba sa iya daɗewa a Kurmi saboda ƙudan tsando, don haka tilas a sayar da su da wuri. Su kuwa mahauta Yarbawa galibi ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar da naman sannan su biya. Ke nan falke zai miƙa dukiyarsa bashi ga mutumin da bai sani ba, wanda kuma ba ya jin harshensa, ba tare da wata takarda ba.

A nan ne aikin mai gida yake bayyana. Shi ne zai ba baƙonsa masauki da abinci, ya haɗa shi da dillalansa waɗanda suka san halin kowane mahauci, sannan ya tsaya masa lamuni. Idan mahauci ya kasa biya, nauyin yana kan mai gida. Falken da aka karrama yakan dawo gidan, har ya jawo ’yan’uwansa. Wanda aka wulaƙanta kuwa sai ya sauya masauki, labari kuma ya riga shi isa gida. Ba banza ba Hausawa suke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Haka kuma mahaucin da ya ci amana, dillalai sukan daina ba shi bashi har sai ya biya, ka ga sana’arsa ta tsaya. Saboda haka kowane ɓangare yana tsaron mutuncinsa kamar yadda yake tsaron jarinsa, domin wanda ya rasa mutunci a kara bai daɗe ba zai rasa jarin ma.